Kwana 11 nake yi sai in faɗi: yaya mai ciwon damuwa zai riƙe sabon abin da ya fara?

Mai Neman Sauƙi:

Assalamu alaikum. Shekarata 31, aikin lissafin kuɗi nake yi a wani ofis. Wata biyar ke nan ba na jin kaina daidai. Ƙarfe uku da rabi na dare nake farkawa, barcin ba ya dawowa, tashin ma ba na iyawa, sai in kwanta ina kallon silin har gari ya waye. Ɗinki da nake so, da hirar da nake yi da ƙanwata a waya, duk sun fita daga raina. Kwana 19 da suka wuce na je asibiti. Likita ya ba ni takarda mai tambaya tara na cike, na sami maki 17, ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni a kan wani maganin ciwon damuwa mai suna sertraline.

Ga abin da ya kawo ni. Tun kafin in je asibiti nake ƙoƙarin gyara rayuwata da kaina. Na sayi littafin rubutu, na jera abu biyar: tashi ƙarfe biyar da rabi, motsa jiki na minti 30, karanta shafi 20, rubuta abin da ya faru a yinin, ajiye waya ƙarfe goma na dare. Na zana akwati 21, don na ji an ce a kwana 21 abu yake zama jiki. Mafi daɗewar da na yi kwana 11 ne. Rana ta 12 na wayi gari kamar an ɗora min dutse a ƙirji, ban yi ko ɗaya ba. Washegari da na buɗe littafin na ga akwatin nan fari, sai na ji duk na baya sun tashi a banza. Na tura shi ƙarƙashin gado. Yanzu littafi uku ne a wurin. Takalmin gudun da na saya yana bakin ƙofa, kullum sai na tsallake shi zan fita.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ban taɓa fashin ofis ba. Aikin mutane ina yin sa, nawa ne ba na iyawa. To ciwon ne ko lalaci ne nake fakewa da ciwo? Kuma in bari sai maganin ya fara aiki tukuna? Don har yau ban ga abin da ya yi min ba sai tashin zuciya a makon farko. Don Allah wanda ya taɓa shiga ya fita ya faɗa min yadda ya yi.

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Na karanta saƙonki sau biyu, don nawa littattafan ma har yanzu suna nan cikin akwati.

Ni bayan haihuwata ta biyu abin ya kama ni, shekara shida ke nan. Bari in fara da maganar lalaci, don ita ta fi cutar da ni a lokacin. Malalaci yana jin daɗin kwanciyarsa. Ke kuwa kina kwance ne kina yi wa kanki bulala tun ƙarfe uku na dare. Wanda ya sayi littafi uku ya sake zana akwati har sau uku ba hutu yake nema ba.

Tambaya ɗaya zan yi miki: a wace irin rana kika rubuta jerin nan na abu biyar? Na tabbata a ranar da kika ɗan ji dama-dama ne. Haka nima na riƙa yi. Ranar da na sami kuzari sai in tsara rayuwa daidai da ƙarfin wannan ranar, in manta cewa wadda za ta aiwatar ita ce ni ta ranar da ko wanka sai na yi awa biyu ina lallashin kaina. Ɗinki kike yi, kin san rigar da aka auna a jikin wata ba ta zama a jikin wata. Ki auna a jikin ranar da ta fi muni.

Abin da na fara da shi, kada ki raina: buɗe labule. Shi ke nan. In tashi, in ja labule, in tsaya a bakin taga har in ƙirga ashirin. Na yi kusan wata guda ban ƙara komai a kai ba. Akwai ranakun da na buɗe ina kuka na koma na kwanta, amma na buɗe. Daga baya na ƙara sa takalmi in taka zuwa bakin get in dawo. Wata rana ƙafa ta kai ni ƙarshen layi, wata rana a get ɗin nake juyawa. Sai na yi wa kowane abu awo biyu, na ranar sauƙi da na ranar wuya. Tafiya: minti 20, ko zuwa get. Karatu: shafi goma, ko sakin layi ɗaya. Duk wanda na yi a ciki, maki ɗaya nake ba kaina, cikakke, ba rabi ba. Wannan na ƙarshen ya yi min wuyar karɓa, don zuciyata tana ce min ha'inci ne. Amma da babu gara ba daɗi, kuma abin da nake tsarewa shi ne kada igiyar ta tsinke, ba tsawon tafiyar ba.

Sannan na daina ƙirga kwanaki a jere. Wannan lissafin mugu ne ga irinmu, don rana ɗaya tana cinye goma sha ɗaya. Na koma duba wata: a kwana 30, nawa na yi? Watan farko 13 na samu. Da a jere nake ƙirgawa da na ce na faɗi sau bakwai ko takwas. Ke ma'aikaciyar lissafi ce, ki ɗauko littafin nan ki duba da idon aikinki: 11 cikin 12.

Tsohon Ɗan Wasa:

Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Ni ban yi wannan ciwon ba, don haka ki ɗauki maganata da awonta. Na yarda da mafi yawan abin da Hajiya ta faɗa, amma ina tsoron sassauci ya yi yawa har mutum ya zauna a kan buɗe labule shekara guda.

Wani abu na lura da shi a saƙonki. Kin ce ba ki taɓa fashin ofis ba, kika ɗauke shi hujjar lalaci. Ni kuwa ina ganin mafita ce a ciki. Kina zuwa ofis saboda akwai lokaci tsayayye, akwai wanda zai ga kujerarki babu kowa. Shekarun da na yi ina atisaye, rabin ranakun ba don ina so na fita ba, don abokina yana tsaye a ƙofa ne. Ki nemi mutum ɗaya, ko ƙanwar nan taki, ku sa lokaci. Ba wai ta riƙa yi miki faɗa ba. Ta kira kawai ta ce ga ni a waya, sa takalmin mu taka tare.

Nas Mai Aikin Dare:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Shekara 14 nake aikin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitanki shi ya gan ki, maganarsa ce gaba da tawa, amma ga abin da zan ƙara.

Maganin tukuna, don shi ya fi damuna a saƙonki. Kwana 19 ba su isa a yanke masa hukunci ba. Irinsa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin alama, cikakken aikinsa kuma yana iya kaiwa mako shida zuwa takwas. Tashin zuciyar makon farko sananne ne, kuma yakan lafa. Kada ki ajiye shi da kanki, balle a rana ɗaya, don hakan yana kawo jiri da rashin barci da tashin hankali. Idan an kai mako huɗu zuwa shida babu motsi, likita yana iya ƙara adadin ko ya canza wani. Ko bayan kin warware, akan ci gaba da sha aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo. Ki kuma tambaye shi ko an duba jininki, don ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato wata 'yar gaɓa da ke wuya, suna kawo irin wannan mutuwar jikin.

Maganar kwana 21 kuwa, ki sauke ta daga kanki. Asalinta wani likitan fiɗa ne a Amurka da ya rubuta a 1960 cewa waɗanda ya yi wa aikin gyaran fuska sukan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Mutane suka yar da "aƙalla", suka mai da sauran doka. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi mutum 96 na tsawon mako 12, a binciken da ya fito a 2009, sun ƙiyasta cewa tsaka-tsakin lokacin da abu yake zama jiki kwana 66 ne, wani 18, wani har 254. Abu ɗaya tak kowannensu ya zaɓa, ke kin ɗauki biyar da ciwo a jikinki. Kuma sun ga tsallake rana ɗaya bai ɓata sabon da ake ginawa ba. Akwatin nan fari bai goge komai ba.

Kin tambaya ko ki jira. A'a, kada ki jira, amma ki rage kayan. Yadda ciwon yake aiki shi ne: jiki ya mutu, mutum ya janye daga abubuwa, janyewar ta hana shi ɗan daɗin da yake samu a cikinsu, ran ya ƙara ɓaci, ya ƙara janyewa. Mai lafiya sha'awa ce take fara zuwa masa sannan ya yi. Mai wannan ciwon sai ya yi ta yi ba sha'awa, ita tana biyowa daga baya, a makare. A kan wannan aka gina wata hanyar jinya tun shekarun 1970, daga aikin Peter Lewinsohn: a tsara ƙananan ayyuka da lokacinsu, a yi su bisa tsarin ba bisa yadda aka tashi ba. A 2016 an gwada ta a Ingila a kan mutum 440, aka ga bayan shekara guda sakamakonta bai gaza na jinyar gyaran tunani ba, wato wadda ake zama da ƙwararre ana gyara yadda mutum yake tunani. Abin da Hajiya ta gano da kanta kusan shi ne wannan, shawarar Malam ta sa lokaci da neman abokin yi ma tana ciki. Ki tambayi likitanki ko akwai mai yin irin wannan jinyar da zai tura ki wurinsa.

Ga wani abu da ban ga an taɓo ba. Kin ce ƙarfe uku da rabi kike farkawa. Da yawa daga masu wannan ciwon safiya ce ta fi yi musu nauyi, zuwa yamma abin ya ɗan saki. Ke kuma kin kai aikinki mafi wuya kin ajiye shi ƙarfe biyar da rabi, bayan barcin da bai kai ya kawo ba. Ki lura da kanki kwana uku, ki ga lokacin da kike ɗan jin sauƙi, ki kai tafiyar can. Ki liƙa ta da abin da dama kina yi: da na dawo daga aiki na ajiye jaka, zan sa takalmi.

Na ƙarshe, kuma kowa nake faɗa wa. Idan tunanin mutuwa ko na cutar da kanki ya zo miki, ko kika ji wata irin rashin natsuwa da ba ki saba ba a waɗannan makonnin farko na magani, a ranar za ki faɗa wa wani na kusa da ke, ku tafi asibiti, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mai Neman Sauƙi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Kwana takwas ke nan, na ce bari in dawo in faɗi gaskiyar yadda ake ciki.

Anti Nas, ban taɓa lura ba sai da kika faɗa: wajen ƙarfe biyar na yamma nake zama mutum. Na soke huɗu cikin abu biyar ɗin nan, tafiya ce kawai na riƙe, na mai da ita bayan dawowa daga aiki. Na faɗa wa ƙanwata komai, abin da na ɓoye mata wata biyar. Ta yi kuka, yanzu ita take kira. A kwana takwas na yi biyar. Uku na zagaya layi, biyu a get na juyo. Ranar Asabar da Lahadi ban fita ba sam, da alama rashin ofis ne ya sa ba ni da abin da zan liƙa ta da shi. Ɗayar kuma ranar wuya ce kawai. Tunanin cutar da kaina ba ya zuwa min, amma na riƙe maganarki.

Sai dai Yaya Uwar Biyu, ba na jin komai. Ina tafiya, ina dawowa, zuciyata tana nan yadda take. Haka ya kamata ya kasance?

Uwar Biyu:

Haka nawa ya kasance, ƙanwata. Na fi mako biyar ina fita kamar an aike ni. Ban ma san ranar da abin ya fara juyawa ba, sai wata yamma na tsinci kaina na tsaya ina kallon yara suna buga ƙwallo, har na ji ina so in ga wanda zai ci. Ɗan wannan son ne ya fara dawowa, kafin wani farin ciki.

Ki gwada abin da mai jinyata ta sa ni: kafin ki fita ki ba yanayinki maki daga sifiri zuwa goma, in kin dawo ki sake. Nawa yakan tashi daga 2 zuwa 3, wani lokaci bai motsa ba. Ciwon yana hana mutum tuna ɗan sauƙin da ya samu, shi ya sa takarda ta fi ƙwaƙwalwa riƙon amana a nan. Ki tafi da ita ranar ganin likita.

Asabar da Lahadi kuma ki nema musu nasu abin liƙawar. Ni da wanke baki na haɗa. Kada ki ƙara abu na biyu yanzu, ko da kin wayi gari da ƙarfi gobe. Yaushe ne ranar komawarki asibiti?