Kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam: shawarwari daga tattaunawar Marwa

Dokar 2019 ta ba hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Kamaru ikon karɓar ƙorafi, neman takardu, da shiga wuraren tsare mutane ba sanarwa. Amma ba kotu ba ce, ba ta yanke hukunci.

Lauyoyin da suka yi magana a wata tattaunawa da aka yi a Marwa, birni a arewacin Kamaru, sun fi nanata batun shaida. Tabon duka yana gushewa cikin kwanaki, don haka a garzaya wurin likita a karɓi takardar rauni mai hatimi da kwanan wata, a ɗauki hoto. A rubuta ranar kamu da sa'a, domin tsarewar jandarma ko 'yan sanda awa 48 ce kafin sabuntawa. A kan batun shaida ne ƙorafi da yawa ke rushewa, abin takaici. Kwafi ake miƙawa, asalin takarda ya zauna gida.