Masu yara masu ciwon tuberous sclerosis, yaya kuke bibiyar magani?

Uwar gida, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yata tana da ciwon nan da likitoci ke kira tuberous sclerosis, mai fitar da ƙulullutu a ƙwaƙwalwa da ƙoda, da fararen tabo a fata. Yana samun kamar jariri 1 cikin 6,000. Tun tana goye ta fara zabura irin ta farfaɗiya, sai ta dunƙule kai ya faɗo gaba, a jere a jere, musamman in ta farka daga barci. Da aka sa ta a kan vigabatrin abin ya tsaya, alhamdulillahi. Sai dai likita ya ce maganin kan rage ganin gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, don haka a riƙa duba ido duk wata 3. To yarinyar da ko magana ba ta fara ba, ta yaya za ta faɗa? Ku da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Baban yara, Zariya:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Likitan ido ne ke leƙa cikin idon da na'ura. Mu kuma a gida muna lura ko ɗanmu yana yawan buge bakin ƙofa, ko sai ya juyo da kai gaba ɗaya kafin ya ga wanda ke gefensa. Don Allah Hajiya kada tsoro ya sa ki tsayar da maganin da kanki. Yanke shi farat ɗaya yana iya dawo da farfaɗiyar.

Maman samari, Kaduna:
Mu maganin everolimus ake ba ɗana, saboda ƙulun da aka gani a ƙwaƙwalwarsa yana girma. Gyambon baki ne ya fi wahalar da mu, har kunu yake ƙi. Ana ɗibar jini da safe kafin ya sha ƙwayar, a auna yawan maganin a jikinsa, a duba kitse da sukari da ƙwayoyin jini. Maganin yana rage garkuwar jiki, shi ya sa zazzaɓi kaɗan muke garzayawa asibiti, rigakafin ƙyanda da na shawara kuwa sai likitansa ya ce a yi.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar kemis. Da ya yi tari, wani mai kemis ya miƙo mana clarithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Allah ya sa na bugo wa likita kafin na ba shi, ya ce kul, yana sa everolimus ya taru a jini. Rifampicin na tarin fuka kuma rage masa ƙarfi yake yi. Ko jiƙo dangi suka kawo, sai na tambaya.

Kakar yaro, Maraɗi:
'Ya'yana, ku sayi littafi. Duk zuwanmu sabon likita muke tararwa, wata rana ma katin ya ɓace. Ni ba na karatun boko, jikata ce ke rubuta ranar da ya faɗi da nauyinsa da abin da ya sha. Muna kuma ɗaukar faɗuwar a waya mu nuna. Yaro yana girma, awon maganin ma sai an sake shi. Hoton MRI na kai aka ce duk shekara 1 zuwa 3 har yaro ya kai shekara 25, ga na ƙoda, shi ya sa muke adashi dominsa.

Uwar gida, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman samari, gwajin yawan maganin nan a Kaduna ake yi muku, ko tura jinin ake yi wani gari? Kuma kwana nawa sakamako yake ɗauka?