Wai waya tana rubuta duk inda mutum ya je?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin waya ku fidda ni duhu. Jiya ƙanina ya karɓi wayata zai duba hanya a taswira sai ya kira ni yace yaya zo ka gani, wlh jikina sai da yayi sanyi, duk inda na taka a watan nan yana nan a rubuce, ranar Lahadi da naje kasuwar Pitowa, ƙarfe nawa na sauka daga moto, har masallacin da na tsaya la'asar. Ni ɗan kasuwa ne, kuɗin mutane nake yawo da su a jiki kuma kun san halin da hanya take ciki. Wa yake ganin wannan abu, kuma ya ake kashe shi?

Mai Gyaran Waya Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abin ba yau ya fara ba, tun 2011 wasu masana biyu suka gano iPhone tana ajiye wuraren da mai ita ya bi na wajen shekara guda, sai da Apple ta gyara. A 2018 kuma kamfanin labarai na AP ya bankaɗo cewa Google na ci gaba da ɗaukan wurin mutum ko ya kashe tarihin wurare, maganar da ta sa a 2022 suka amince su biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5. Ka shiga asusunka na Google ka dakatar da tarihin ka goge na baya, sannan ka bi manhajojinka ɗaya bayan ɗaya ka ƙwace izinin wuri. Tocila ko wasan yara me ya haɗa su da inda kake? Kullum sai na tarar da irin wannan a wayoyin da ake kawo min.

Maman Iklima:
Ni Amurka bata dame ni ba malam, na kusa nake tsoro. Mu da muke barin waya wurin mai caji tun safe babu ko lambar sirri, ko a miƙa wa yaron shago ya sa kiredi, duk wanda ya buɗe ai ya san ranar da kake fita da hanyar da kake bi. Alhaji ka fara sa makulli tukun.

Baban Sadik Injamena:
Ku dai kar ku ce ƙaramar waya mai madanni ta tsira. Muddin layi na ciki kamfani ya san eriyar da ka kama, kuma da katin shaidarka aka yi rajistan layin, nan Chadi da can Kamaru duk ɗaya ne. Illa dai eriya unguwa take nunawa, GPS kuwa, wato na'urar babbar waya mai gano wuri ta tauraron ɗan Adam, har ƙofar gida.

Ɗan Garwa:
Na gode Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shige ni, na sa makulli yanzun nan. Malam na Marwa, in na goge a wayar, can wurin Google ma ya gogu kenan ko suna da nasu kwafi?