Emfawamen: tallafi ne ko iko?

Jama'a, ku zo mu raɗa wa kalmar Turancin nan "emfawamen" (empowerment) suna da Hausa, musamman in ana maganar mata da tattalin arziki. Tun taron mata na Beijing a 1995 take yawo a takardun hukumomin raya ƙasa, a 2015 kuma ta shiga buri na 5 cikin muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu kuwa har yau kowane mai fassara da irin tasa.

Galibi "tallafi" ake cewa, ni kam ban yarda ba. Tallafi abin da aka miƙa ne, kuma duk wanda ya fassara da shi, ranar auna aiki abin da aka miƙa zai ƙirga: keken ɗinki nawa, rance nawa, mata nawa suka sa hannu a takardar halarta. Keken na nan a lungun ɗaki yana shan ƙura, rahoto kuma ya ce an yi nasara.

"Ƙarfafawa" ta fi kusa, sai dai mai bayarwa take yabo. Shi ya ƙarfafa, to ita matar me ya canza mata?

Wata 'yar'uwa ta kawo "dogaro da kai". Na daɗe ina juya shi, don ya yi daɗin baki. Amma mace na iya yin sana'a safe da yamma, wani ne ke yanke inda kuɗin zai tafi. An ga haka a Sri Lanka: masu bincike sun raba wa masu ƙananan sana'o'i jari kyauta, ribar maza ta ƙaru, ta mata ba ta motsa ba. Da wasu masanan suka sake bin alƙaluman, haɗe da na Indiya da Ghana, sai suka ga a gidaje da yawa sana'ar miji kuɗin ya faɗa. Inda matar ce kaɗai mai sana'a a gidan, ribarta ta tashi.

Masaniyar tattalin arziki Naila Kabeer ta bayyana emfawamen a 1999 da cewa mutum ya samu damar zaɓi a inda a da aka hana shi. Ashe magana ce ta wa ke da wuƙa da nama.

Don haka nawa zaɓin: "iko da abin hannu". Ku gwada shi a jimla: shirin ya bai wa mata dubu rance, amma nawa suka samu iko da abin hannunsu? Nan take tambayoyin mai bincike sun sauya. Wa ya karɓi kuɗin ciniki? Za ta iya sayar da kayanta ba tare da neman izini ba? Awa nawa aikin ya ƙara mata a yini?

Na san bai kai ga siyasa da shugabanci ba. A can "samun ta-cewa" zan yi amfani da shi, sai in wani ya kawo wadda ta haɗa biyun.