Kalmomin tilastawa a Turanci da Sinanci: wacce ta dace da sanarwar ma'aikata?

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum. Ina aikin tafinta a wata masana'anta ta 'yan Sin a Kakuri, kuma an ba ni sanarwa in mayar da ita Hausa. Wajen maganar sa hular kwano an rubuta qiángzhì, Turancin kuma ya ce compulsory, amma ma'aikata har sun fara ƙorafin cewa tursasa musu za a yi. Ina roƙon masana su bambance mini ita da qiǎngpò, domin ƙamus ɗina fassara ɗaya ya ba su.

Malama daga Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Abin da za ka duba shi ne daga ina tilas ɗin ya fito. Qiángzhì tilas ne na doka ko na ƙa'ida, wanda ya hau kan kowa har da manaja, saboda haka "wajibi ne" ya fi dacewa da sanarwarka. Qiǎngpò kuwa mutum ne ya danne mutum ya sa shi abin da ba ya so, kamar auren dole, kuma ita ce ke tafiya da force. Idan da barazana a ciki, sai a ce xiépò, Turawa kuma su ce coerce. Ka lura a rubutun Sinanci harafin farko ɗaya ne a qiángzhì da qiǎngpò, karin sautin ne ya bambanta, abin da bai kamata ya wahalar da Bahaushe ba.

Lauya daga Barnawa:
Malama ta yi daidai, sai dai a shari'ar ƙwadago kalmomin biyu sukan zo tare. Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1930, ta ce forced or compulsory labour, haka ma sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, Sin kuma ta amince da yarjejeniyar a 2022. Hular kwano ba ta shiga wannan babi ba, amma idan an liƙa compulsory a kan ƙarin awannin aiki, ka nemi bayani kafin ka fassara.

Ɗan Kakuri:
Na gode muku. To, constrain fa?

Malama daga Unguwar Rimi:
Wannan takurawa ce, wato a rage wa mutum inda zai motsa ba tare da an tura shi ko'ina ba. Yuēshù ko xiànzhì za ka gani, kuma ta biyun ta fi yawa wajen ƙayyade lokaci ko adadi.