Neman shawara: 4Runner ɗina ta kwanta gefe ɗaya, shokazoba ne ko me?

Mai tambaya, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin mota a taimaka min. Ina da Toyota 4Runner 2005, V6, 'yar Amurka, to kwanan nan in na faka ta na tsaya ta baya sai in ga ta kwanta gefen hagu wato gefen direba, tun ina cewa ƙasar gidan ce ba ta daidaita ba har maƙwabcina ya tambaye ni ko taya ce ta sace. Bakanikena ya leƙa ya ce shokazoba ne a canza duka huɗun, kuma kun san kuɗin shokazoba huɗu a wannan marrar ba wasa ba ne. Ba ta jan sitiyari, sai dai in na faɗa rami bayan yana dukan ƙasa. Nakan ɗauko buhunan masara daga ƙauye da ita lokacin kaka. Me kuke gani?

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Oga ka fara zuwa wajen mai faci a gwada iskar tayoyin tukuna, kuma ka duba lambar jikinsu ko duk saiz ɗaya ne, mutane na sa gwanjo ɗaya daban su manta.

Mai tambaya:
Na gwada, iska daidai take, duk huɗun 265/65 R17 ne.

Bakanike, Panteka Kaduna:
Alhaji kar ka sayi shokazoba tukuna, wallahi kana iya canza huɗun ka fito ka tarar da ita a kwance yadda take. Shokazoba ba shi ke ɗauke da nauyin mota ba, aikinsa ya hana ta tsalle-tsalle ne kawai, sifirin shi ke riƙe da tsayin mota, in ya gaji ko ya karye sai wannan ɓangaren ya sauka. Kuma sifirin in zai karye galibi ta can ƙasa yake karyewa inda ya zauna a mazauninsa, laka ta rufe wajen, mai leƙe da tocilar waya ba zai gani ba sai an wanke an ɗaga mota.
Ga abin da za ka yi da kanka, ka kai ta fili mai siminti da ya miƙe, irin na gidan mai, ka sauke komai daga but, ka ari tef ɗin tela ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda, kowace ƙafa ka rubuta. Daga tsakiyar wili fa, ba daga ƙasa ba, don kar taya ta ruɗe ka. Ka turo mana lambobin.

Injiniya, Abuja:
Gaskiya Oga ya faɗa. In ƙara da cewa wannan motar dama an san ta da ɗan kwanciya hagu, domin tankin mai yana hagu, batir yana hagu, direba ma yana hagu, tankin nan lita 87 yake ci, in ya cika ya haura kilo 60 shi kaɗai. Shekara da shekaru a haka dole sifirin ɗin hagu ya riga na dama gajiya. In bambancin bai wuce santimita 1 ba ni ba zan ma taɓa ta ba. Sannan ka duba ko bayanta sifirin ne ko balan-balan ɗin iska, wasu masu V8 suna zuwa da shi, nan kuma yoyon iska ne ko sensa, magana daban.

Hajiya mai Highlander:
Malam ka rage ɗora mata masara dai, jif ce ba a-kori-kura ba.

Mai tambaya:
Hajiya an ji, Allah ya ba mu ta ɗaukar kaya. Na auna yanzu da rabin tanki. Gaba: hagu ya gaza dama da santimita 1. Baya: hagu ya gaza da kusan 3 da rabi. Sifirin ne a bayan, babu balan-balan.

Bakanike, Panteka Kaduna:
To ka gani, ciwon a baya yake, wannan 1 ɗin na gaba bayan ne ya jawo shi ƙasa. Amma kafin ka kashe ko sisi a yi gwaji biyu. Na farko a kwance link ɗin stabilaiza, wato mahaɗin dogon ƙarfen nan da ya haɗa ƙafar hagu da ta dama, gefe ɗaya a girgiza motar a sake aunawa, in ƙarfen ya lanƙwashe shi kaɗai yana iya murɗe mota ta kwanta. In ba ta tashi ba sai a musanya sifirin ɗin baya, na hagu ya koma dama na dama ya koma hagu, a wannan motar aiki ne mai sauƙi tunda a baya sifirin daban yake da shokazoba. In kwanciyar ta koma dama an kama ɓarawo. In ta tsaya a hagu to a shiga ƙasa a duba robobin da bodi ke zaune a kansu da cesis ɗin kansa, 'yan Amurkan nan da suka fito daga jihohin ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu ƙasa, na sha ganin mazaunin sifirin ya ruɓe an shafe shi da baƙin fenti. Ko kuma ta taɓa yin hatsari an miƙe ta ba a miƙe daidai ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
In sifirin ne ka sayi biyu kar ka sayi ɗaya, in ka sa ɗaya mai ƙarfi sai ta koma kwanciya ɗaya gefen. Kuma in gwanjo za ka ɗauka ka jera su a ƙasa ka ga tsayinsu da alamar fentin jikinsu sun zo ɗaya, ana haɗa na mota daban-daban a ce maka na mota ɗaya ne.

Ɗan Sabon Gari:
Ni an sa min roba a tsakanin sifirin ta tashi tsaf, da araha.

Bakanike, Panteka Kaduna:
Roba ta ɗan lokaci ce, ga mai bambancin santimita 1 ba laifi, amma 3 da rabi da dukan ƙasa sifirin ɗin ya gama aiki. Kuma Alhaji kar ka yarda kowa ya gasa sifirin da wuta wai zai miƙar da shi, ƙarfen ya mutu ke nan, kuma duk wanda zai shiga ƙarƙashinta a sa mata tsayayyen ƙarfe ba jak kaɗai ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan sa a musanya su a gabana mu gani. Oga tambaya ɗaya, in an canza sifirin ɗin bayan sai an yi alaimen, wato saitin tayoyi?

Bakanike, Panteka Kaduna:
Bayan ba ya buƙata, aksil ɗaya ne. Amma tunda tsayin gaba zai ɗan canza ka bari ta yi kwana biyu tana tafiya sifirin ya zauna, sannan ka kai a duba gaban. Shokazoban baya kuma in ka ga yana tsiyayar mai a canza su lokaci ɗaya tunda an riga an kwance wajen.