Neman shawara kan haɗa ƙaramin jirgin sama na katako mai tashi da rimot

Abban Khadija, Kano:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina da niyyar haɗa ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot, irin wanda ake sayar da katakonsa a yanke cikin kwali tare da zanensa, mutum ya zauna ya harhaɗa da hannunsa. Ban taɓa haɗa ko ɗaya ba, kuma ban taɓa tayar da irinsa ba. Wani ɗan'uwana zai dawo daga Amurka bayan salla, ya ce in faɗa masa wanda zai riƙo mini. Na ga hoton wani jirgin yaƙi na kamfanin Guillow's ya ba ni sha'awa ƙwarai, amma na fi so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni kafin in sa shi kashe kuɗi.

Malam Bala, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Abban Khadija. Shawarata ita ce ka ajiye maganar jirgin yaƙin nan zuwa gaba. Jiragen Guillow's suna da kyau a ido, amma yawancinsu an tsara su ne don ado ko don tashi da robar da ake murɗawa, kuma mayar da su masu rimot aiki ne na wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Ga shi kuma jirgin yaƙi fiffikensa yana ƙasan jiki, yana buƙatar gudu kafin ya zauna a iska, ba ya ba ɗan koyo lokacin gyara kuskure.

Abin da ya dace da kai shi ne jirgin koyo: fiffike a saman jiki, cikinsa a shimfiɗe, gefunansa biyu sun ɗan ɗaga sama daga tsakiya. Wannan ɗagawar ita ce take sa jirgi ya daidaita da kansa idan ka saki sandar rimot bayan ya karkata. Tun da ɗan'uwanka daga Amurka zai taso, ya nemi Kadet LT-40 na kamfanin SIG da aka kafa a jihar Iowa. Faɗin fiffikensa inci 70 ne, wato kusan santimita 178, kuma littafin da yake zuwa da shi yana bin aikin mataki-mataki da hotuna. Girman nan kada ya tsorata ka, domin babban jirgi ya fi ƙarami natsuwa a iska, kuma ido ya fi ganinsa idan ya yi nisa.

Injiniya Hauwa, Zariya:
Na goyi bayan Malam Bala a kan barin jirgin yaƙi, amma ni zan ba da wani zaɓin. Akwai Gentle Lady na Carl Goldberg, jirgi ne marar inji mai fiffike kusan mita 2, abu biyu kawai ake juyawa a jikinsa, wato jelar da ke karkata shi hagu da dama da wadda ke ɗaga hancinsa ko sunkuyar da shi. Kayan da yake buƙata kaɗan ne, kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma tafiyarsa a hankali take. Mutane da yawa sukan sa masa ƙaramin injin lantarki a hanci don ya hau da kansa. Idan aka same shi, ban san wani jirgin da ya fi shi koya wa mutum fahimtar iska ba.

Malam Bala, Kaduna:
Gaskiya ne, Hajiya, jirgi ne mai kyau. Abin da ya sa ban ambace shi ba, fiffikensa siriri ne mai ƙananan sassa da yawa, kuma iskar hunturu idan ta taso da hantsi ba ta barin jirgi marar nauyi ya yi gaba. Amma duk wanda ya zaɓa cikin biyun bai yi asara ba.

Baba Kafinta, Katsina:
Ni a kan katako da gam zan yi magana, domin a nan aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Katakon da ke cikin kwalin nan balsa ne, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake samo shi, kuma danginsu ɗaya da riminmu na nan. Yana da taushi har farce yana shiga jikinsa, saboda haka a yanke farce kafin a fara, kuma kada a danna shi da ƙarfi. Idan an buɗe kwali, a bar katakon ya kwana biyu a ɗakin da za a yi aikin, a shimfiɗe, da wani abu mai ɗan nauyi a kansa, domin ya taso daga inda iska take da laima ya zo inda take a bushe, kuma idan aka gaggauta sai ya lanƙwashe bayan an riga an manna. A kuma ɗaga kwalin daga ƙasa saboda gara.

Abu mafi muhimmanci shi ne teburin aiki. Duk karkatar da ke jikin tebur sai ta koma jikin fiffike, kuma fiffiken da ya murɗe ba ya taɓa tafiya sosai, kullum sai ya riƙa jan jirgi gefe guda. A samo ƙofa mai santsi wadda ba ta lanƙwashe ba, a ɗora falle ɗaya na silin mai taushi a kai don fil ya shiga, a shimfiɗa zanen, sannan a rufe shi da farar leda mai shara-shara don kada gam ya kama takarda. A kan zanen ake jera haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, kowanne a tsaye cak, ana gwada shi da sukwaya kafin a sa gam. Sandunan da suka yi siriri ba a huda su da fil, domin suna tsagewa. Ana kafa fil biyu ne a gicciye a kansu su danne su.

Game da gam, ni farin gam ɗin kafinta nake ba ɗan koyo shawara. Yana ba ka mintuna ka gyara zaman abu kafin ya kama, kuma samfefa tana cinsa daidai da yadda take cin katako. Wurare biyu ne kawai sai an sa gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai bushewa a hankali: inda fukafukan biyu suke haɗuwa a tsakiya, da allon gaba da ake ɗaura inji a jikinsa.

Sagir, Maraɗi:
Baba, da izininka, ni da sufa gulu nake aikina, kuma na ga ya fi sauri nesa ba kusa ba. Ana jera sassan a bushe, a ɗiga masa mai ruwa-ruwa a mahaɗa, ya tsotse cikin katakon nan take. Fiffiken da farin gam zai ci kwana da kwanaki, da shi a zama ɗaya ake gamawa.

Baba Kafinta, Katsina:
Haka ne, ɗana, amma saurin nan ga wanda ya riga ya iya yake da amfani. Wanda bai iya ba, idan haƙarƙari ya kama a karkace, ba shi da hanyar gyara sai ya karya. Sannan inda sufa gulu ya bushe yana zama da tauri fiye da katakon da ke gefensa, sai samfefa ta cinye gefen ta bar tudu. Tururinsa kuma yana yaji a ido da hanci, wasu ma yana tayar musu da ciwon ƙirji, don haka mai amfani da shi ya buɗe taga. Ban hana shi ba, amma a bari sai a jirgi na biyu, ko a ajiye shi don ƙananan gyare-gyare a fili.

Usman, Kumasi:
Ina so in ƙara da abin da za a yi idan wani sashe ya karye, tun da balsa ba a samunsa a kasuwar katako. Itacen da muke kira wawa a nan Gana, wanda a Nijeriya ake ce wa obece, masu wannan sana'a a Turai sun daɗe suna amfani da shi. Ya fi balsa nauyi fiye da ninki biyu, amma ya fi shi ƙarfi, saboda haka yana kyau a gaban jirgi da ƙarƙashinsa da wurin ɗaura tayoyi. Kada dai a kai shi jela. Jela tana da nisa daga tsakiyar jirgi, kuma duk giram ɗaya da aka ƙara a can sai an biya shi da giram uku ko huɗu na dalma a hanci. Wannan ne ya sa ko gam ake taƙaitawa a jela. Kafin a fara manna komai kuma, a ɗora kowane haƙarƙari a kan kwali a zana siffarsa a ajiye, don ranar da za a buƙaci yanka sabo.

Injiniya Hauwa, Zariya:
Bari in shiga ɓangaren inji da rimot, don ɗan'uwan nasa ya haɗa sayayyar gaba ɗaya. Asalin LT-40 an tsara shi ne da ƙaramin inji mai shan mai na musamman, haɗin metanol da naitiro da man shafawa, wanda samunsa a nan yana da wuya. A mayar da shi na lantarki. Nauyin jirgin ya kai kilo biyu da rabi, kuma ana ƙiyasta wat 200 ga kowane kilo a jirgin koyo, saboda haka injin da ke ba da wat 500 zuwa 600 ya wadatar, tare da na'urar daidaita gudunsa da ake kira ESC da batirin caji irin na LiPo mai ɗaki huɗu (ƙananan batura huɗu a haɗe), wato bolt 14.8. Rimot kuwa, FlySky FS-i6 mai tasha shida (abubuwa shida ake iya sarrafawa da shi), mai aiki a kan 2.4 GHz, ya ishi ɗan koyo, kuma yana zuwa da risibarsa, wato na'urar da ake sawa cikin jirgi tana karɓar saƙon rimot. Za a buƙaci sarbo huɗu idan da injin mai ne, uku idan da lantarki, su ne ƙananan injinan da ke ja da tura sassan da ke motsi. A riƙo farfela fiye da ɗaya, domin ita ce take fara karyewa.

Batirin shi ne abin da nake so a kula da shi fiye da komai. Kamfanonin jiragen sama suna da ƙa'ida a kan ɗaukarsa, ba a sa shi cikin jakar da ke shiga ƙasan jirgi, don haka ya tambaya tun kafin ranar tafiya. Kowane ɗaki yana cika a bolt 4.2, ba a bari ya sauka ƙasa da 3.3, kuma idan za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki a bar shi a kusan 3.8. Sai da cajar da aka yi dominsa ake caja shi, a kan siminti, mutum yana kusa, ba a kan katifa ko kusa da labule ba. Wanda ya kumbura an daina amfani da shi ke nan. Kada kuma a bar shi cikin mota a rana lokacin bazara. Duk lokacin da ake saita rimot a cikin gida, a cire farfela tukuna, domin injin lantarki yana tashi nan take ba tare da gargaɗi ba, kuma tana yanka yatsa har ƙashi.

Abban Khadija, Kano:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na tsaya a kan LT-40 da lantarki da farin gam. Saura tambaya biyu: da me ake rufe jikinsa bayan an gama ƙarangiyar katakon, kuma ta yaya zan san ya shirya tashi?

Sagir, Maraɗi:
Da wata leda ta musamman ake rufe shi, Yaya, mai gam a bayanta wanda zafi yake narkarwa. Oracover ta Jamus ita na fi sani, a Amurka kuma an san ta da sunan UltraCote. Tana kamawa da zafi kusan digiri 100, sannan idan aka ƙara zafin sai ta tsuke ta miƙe kamar fatar ganga. Akwai ƙaramin dutsen guga da aka yi don wannan aiki, amma na gida ma yana yi idan aka rage shi aka sa masa safar auduga, a fara gwadawa a kan guntu. Ana fara rufe ƙasan fiffike kafin samansa, a kama gefuna tukuna, sannan a tsuke tsakiya, sama da ƙasa bi da bi don kada jan ledar ya murɗe fiffiken. Kafin nan a goge katakon da samfefa mai laushi a share ƙurar tas. A sa launi mai haske a sama, mai duhu a ƙasa, domin cikin hazo wannan bambancin ne zai nuna maka ko jirgin ya juya.

Malam Bala, Kaduna:
Tambayarka ta biyu ita ce mafi nauyi. A jikin zanen akwai alamar wurin da nauyin jirgi ya kamata ya daidaita, yawanci tsakanin kwata da sulusin faɗin fiffike idan aka auna daga gabansa. Bayan an saka komai har da batir, ka sa yatsa ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike a daidai alamar ka ɗaga. Ya kamata ya tsaya daidai ko hancinsa ya ɗan sunkuya. Idan jela ce ta yi ƙasa, kada ka tayar da shi, ka matsar da batir gaba har sai ya daidaita, domin jirgin da jelarsa ta fi nauyi ba ya jin rimot. Sannan ka tsaya a bayansa ka tabbatar kowane sashe yana motsawa ɓangaren da ya kamata, ka kuma yi gwajin nisan rimot yadda littafinsa ya bayyana.

Tun yanzu, kafin kwalin ya iso, ka fara koyon tuƙi a kwamfuta. Akwai RealFlight na kuɗi, akwai PicaSim wanda ake samu kyauta, kuma ana iya haɗa rimot ɗin da kwamfuta ta wayar USB. Abin da ke rikita kowane ɗan koyo shi ne lokacin da jirgi ya fuskanto shi, hagunsa ta zama damarka, kuma gara hannu ya saba da wannan a allo. Ranar tashin farko a fita bayan asuba kafin iska ta taso, a tashi ana fuskantar iska, a sauka ana fuskantarta, kuma wanda ya iya shi ne zai fara tayar da shi ya daidaita maka shi a sama kafin ya miƙa maka rimot.

Injiniya Hauwa, Zariya:
Akwai kuma batun doka, wanda bai kamata a bar shi sai kaya sun iso ba. A Nijeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ita ce ke da iko a kan jiragen da ba su da matuƙi, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro yana da hannu a izinin shigo da su da tayar da su. Abban Khadija ya tuntuɓe su ya ji abin da ake buƙata a kan irin nasa kafin ɗan'uwansa ya taso, don kada kayan su tsaya a hannun kwastam. Wurin tashi kuma ya yi nisa da filin jirgin Malam Aminu Kano da barikin soja da wayoyin wuta da taron jama'a. Idan gona ce ko filin makaranta a bayan gari, a nemi izinin mai wurin, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kuma sami mutum ɗaya da aikinsa kawai shi ne tsayar da yara a bayan mai tuƙi har jirgin ya sauka a cire masa batir.